Kwamfuta mai sulke a hanyoyin Doka: abin da ke cikinta ya fi ta tsada

Daga Gadarif zuwa Gallabat a bakin iyakar Habasha tafiyar sama da kilomita 150 ce, garin Doka kuwa yana kusan tsakiyar hanya. Titin yana da kwalta, duk da cewa manyan motocin da ke kai da kawo tsakanin ƙasashen biyu sun ci rabonsu a jikinsa. Sai dai mafi yawan aikin mutanen wannan yanki a nesa da kwalta ake yin sa. Da zarar ka sauka gefe ka nufi ƙauyuka da manyan gonakin da muke kira mashru', to ka shiga hannun baƙar ƙasa. Da rani takan bushe ta dare har hannun mutum ya shige cikin tsaguwar, sawun tayar da aka bari tun damina ya ƙandare kamar dutse. Da harif kuwa, daga Yuni zuwa Oktoba, sai ta koma taɓo mai danƙo, ƙaramar mota ba ta da ta cewa, sai dai a nemi tarakta, wadda mu a nan muke ce wa babur.

A kan irin wannan hanya ake yawo da laftof yanzu. Ma'aikacin lafiya yana ɗauke da ita, mai rajistar 'yan gudun hijira yana ɗauke da ita, haka akawun ɗan kasuwar riɗi, haka ɗalibin jami'ar da yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya koro daga Khartum ya dawo gaban iyayensa. Ni ma ina cikinsu, domin na daɗe ina riƙe wa wata ƙungiyar ƙananan manoma lissafi, kuma lokacin yankan riɗi bayan boksi ne ofishina. Saboda haka 'yan uwa sukan tare ni da tambaya ɗaya: wai kwamfutocin nan masu kaurin jiki da ake gani hannun ma'aikatan agaji, da gaske ba sa lalacewa? Kuma ya kamata mutum ya matse ya sayi ɗaya?

Amsar tana buƙatar a fara da abin da ake tsoron rasawa.

Sunaye, alƙaluma da amana

Kusa da Doka akwai sansanin Um Rakuba. An zauna a cikinsa a shekarun 1980 lokacin yunwar Habasha, aka sake buɗe shi a Nuwamba 2020 da yaƙin Tigray ya koro dubun dubatar mutane zuwa gabashin Sudan. Rajistar ɗan gudun hijira a wannan zamani da kwamfuta ake yin ta, a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa, kuma da wannan rajista yake karɓar abinci da tanti. Wanda sunansa ya ɓace, rabonsa ya ɓace har sai an sake bin layi.

A cikin garin Doka kansa akwai cibiyar da aka sa wa sunan Farfesa Ahmed Mohamed El-Hassan, wadda masu binciken cututtuka na Jami'ar Khartum ke aiki a cikinta a kan kalazar. Jihar Gadarif ita ce cibiyar wannan cuta a Sudan. Wani ɗan mitsitsin ƙwaro da ke fakewa cikin tsaguwar baƙar ƙasa da dajin talha da aduwa shi ke yaɗa ta, tana kumbura saifa, kuma in ba a yi magani ba kusan ba ta barin kowa da rai. Binciken da aka yi a ƙasashen gabashin Afirka tare da ƙungiyar DNDi shi ya rage kwanakin allura daga 30 zuwa 17, kuma cibiyar Doka tana cikin wuraren da aka ci gaba da gwada sabbin haɗin magunguna. A irin wannan aiki ana bin mara lafiya har wata shida bayan sallama, wani lokaci har ƙauyensu. Ka ga ke nan bayanin nauyinsa da yawan maganin da ya sha dole su rayu tsawon wannan lokaci, su kuma jure hanya.

Namu lissafin bai kai wannan girma ba, amma shi ma amana ce. A ciki akwai bashin shel, wato kuɗin da manomi ke karɓa tun amfani bai nuna ba da alƙawarin zai biya da buhu in an girbe. Akwai ladan jangu, 'yan ƙwadagon da ke zuwa yanka daga nesa, waɗanda ba za su iya zaman jiran a warware rikici ba. Akwai kintar nawa kowa ya kawo. Wata kaka na ga yadda abin ke kasancewa in an rasa wannan. Akawun wani ɗan kasuwa da muke hulɗa da shi ya ɗora laftof a ƙasan boksi tana kunne, aka yi tafiyar awa biyu daga gona. Da aka iso sai wani ɗan ƙara take yi, ƙas-ƙas-ƙas, fuska baƙi ƙirin. Ba ta faɗi ba, ba ta jiƙe ba, jikinta ko ƙwarzane babu. Amma an yi makonni ana zama gaban dattawa bayan sallar La'asar, wannan ya ce buhu kaza ne, wancan ya ce ba haka ba. Na ji wani tsoho yana ce wa akawun: "Ɗana, da a takarda ka rubuta, ko akuya ta ci rabi ai da mun ga sauran." Mutanen da suka yi shekaru suna cin tuwo a kwano ɗaya sai da aka kai su ga rantsuwa.

Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. Mu Hausawan Sudan kuma mun san darajar suna a rajista fiye da mutane da yawa, domin akwai iyalan da kakanninsu suka iso tun bayan yaƙin Burmi na 1903, amma har yau jikoki na shan tambayoyi kafin su samu lambar ɗan ƙasa. Rubutu ba abin wasa ba ne a wurinmu.

Wani zai ce a riƙa tura komai intanet mana. To, a Fabrairu 2024 layukan sadarwa sun ɗauke a kusan duk faɗin ƙasar, har Bankak ta tsaya, mutane na da kuɗi a waya ba su iya sayen burodi ba. Ko ba a yi haka ba, ƙauyuka da yawa sai ka hau tudu kake samun layi. Don haka sau da yawa abin da ke cikin kwamfutar nan shi ne kwafi ɗaya tilo a duniya.

Yadda girgiza ke kisa

Mutane sun fi tsoron faɗuwa, amma a hanyarmu girgiza ce babbar annoba. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Ɗauki hanyar da ta yi ƙunya-ƙunya kamar bayan kwanon rufi. In tsakanin tudu da tudu rabin mita ne, mota kuma na gudun kilomita 40 a awa, taya na dukan tudu kusan sau 22 a daƙiƙa ɗaya, wato kusan sau dubu 80 a awa. Ko ɗaya daga cikin dukan nan bai isa ya fasa komai ba, tarinsu ne ke yin ɓarna.

Wurin da ya fi rauni shi ne tsohuwar ma'ajiya mai faifai. A yawancin laftof faifan yana juyawa sau 5,400 a minti, wato sau 90 a daƙiƙa, kuma allurar da ke karanta shi tana shawagi a samansa da ratar da ta fi kaurin gashin kai ƙanƙanta sau dubbai. In mota ta faɗa rami allurar ta taɓa faifan, ta karce wurin, bayanin da ke nan ya tafi, ɓurɓushin kuma ya ci gaba da karce sauran. Tun 2003 kamfanin IBM ya sa wa wasu kwamfutocinsa na ThinkPad na'urar da ke jin faɗuwa ta janye allurar kafin a kai ƙasa, Apple ma ya biyo baya a 2005. Dabara ce mai kyau ga wadda ta zame daga tebur. A kan hanyar da ke jijjiga awa biyu ba hutawa kuwa, amfaninta kaɗan ne.

Ko babu faifai, girgiza na da sauran wuraren kamawa. Tana sassauta kusoshi. Tana zare siririyar igiyar da ta haɗa fuska da gangar jiki. Tana gajiyar da dalmar da ke riƙe da ƙananan kayan ciki har ta tsage, kamar yadda waya ke karyewa in ka yi ta lanƙwasa ta gaba da baya. Akwai kuma wani abu da duk direba ya sani: a wani gudu na musamman madubin gefe kan kama rawa har ba ka ganin komai, in ka ƙara gudu ko ka rage sai ya lafa. Kowane sashe a cikin kwamfuta yana da irin wannan gudun da ke sa shi rawa fiye da kima, in kuma hanya ta dace da shi, nan ɓarna take sauri.

Sai ƙura da zafi. Fankar laftof tana zuƙo iska don sanyaya ciki, tare da ita take zuƙo ƙurar masussuka da ƙaiƙayin dawa, su toshe mafitar. A watan Afrilu zafin Gadarif kan wuce digiri 40 a inuwa, gaban motar da aka rufe a rana kuwa ya fi 60, alhali kamfanoni irin su Apple suna faɗa a fili cewa laftof ɗinsu daga digiri 10 zuwa 35 aka yi ta ta yi aiki. Batirin da ya sha irin wannan zafi shi ne wanda za ka ga ya kumbura yana ɗaga maɓallai.

Abin da ya sa ake ce mata mai sulke

Tunanin ƙera kwamfutar da za ta jure wahala ya daɗe. A 1982 wani kamfanin Amurka ya fito da GRiD Compass, mai gangar jikin magnisiyam, kuɗinta sama da dala 8,000, kuma hukumar NASA ta tafi da ita sararin samaniya. Ma'ajiyarta ba ta da wani abu mai juyawa. Getac na Taiwan ya fara a 1989, Panasonic na Japan ya fito da Toughbook ta farko a 1996, Dell ma yana da nasa jerin. Sojoji, 'yan sanda, masu motar asibiti da ma'aikatan haƙar mai su ne manyan masu saye.

In ka riƙe ɗaya za ka ji nauyi, domin mai cikakken sulke kan kai kilo uku ko fiye. Ƙashin jikinta magnisiyam ne, kusurwoyinta da roba mai kauri. Ma'ajiyar na zaune cikin wani ɗan akwati mai taushi, fuskar ma ba a ɗaure ta tamau da murfi ba, an bar mata wurin motsi kaɗan don duka kada ya isa gilashi kai tsaye. Kowace kafa ta sa waya tana da ƙyaure mai roba. Hasken fuskarta ya ninka na laftof ɗin ofis sau uku ko huɗu, saboda a iya karatu a tsakar rana. Wasu suna da batir biyu, ka cire ɗaya ka sa wani ba tare da ka kashe ta ba.

Abin da ba a cika faɗa wa mai saye ba shi ne, a motocin da aka tanada don wannan aiki ba a ajiye ta kan kujera. Akwai mazaunin ƙarfe da ake ɗaurewa a jikin mota, a kulle ta a ciki, wuta kuma ta biyo ta na'urar da ke tace hawa da saukar lantarkin injin. Kamfanoni irin su Havis da Gamber-Johnson sana'arsu ke nan. Rabin juriyar da ake yabo daga wannan mazauni take fitowa. Mai sulken da aka jefa bayan lori tana karo da jarkar gas ba ta samu abin da aka yi ta dominsa ba.

Tambarin soja da abin da yake ɓoyewa

A kasuwa za ka ji an ce wannan "ta soja ce", a nuna maka rubutun MIL-STD-810. Wannan kundin gwaje-gwaje ne na ma'aikatar tsaron Amurka, ya fara fitowa a 1962, bugun G ya fito a 2008, na H a 2019. A ciki akwai gwajin girgiza mai lamba 514, na duka da faɗuwa 516, na yashi da ƙura 510, na zafi 501. A gwajin faɗuwa ana sakin na'ura daga tsayin santimita 122 har sau 26: fuskoki 6, gefuna 12, kusurwoyi 8.

Sai dai a lura da abu uku. Na ɗaya, babu wata hukuma da ke ba da takardar shaida, kamfani na iya yin gwajin a ɗakinsa ya rubuta sakamako da kansa. Na biyu, kundin ya yarda a raba faɗuwa 26 ɗin nan tsakanin na'urori har biyar, ka ga ba lallai ne ɗaya ta sha duka ba. Na uku, gwajin girgiza iri-iri ne. Akwai wanda ke kwaikwayon babbar mota a kan manyan titunan Amurka, inda awa ɗaya a kan teburin jijjiga ke matsayin tafiyar kilomita 1,600. Akwai kuma masu tsanani da ke kwaikwayon motar daji da tirela mai taya biyu. Duk wanda aka yi a ciki, tambarin ɗaya ne a jikin kwali. Shi ya sa har laftof ɗin ofis sirara suke ɗauke da shi. Tambayar da ta dace ita ce: wane gwaji aka yi, a kan wace irin hanya, tana kunne ko a kashe, kuma wa ya yi? Kamfanonin kirki suna wallafa wannan dalla-dalla.

Alamar da ta fi saurin fahimta ita ce IP da lambobi biyu. Ta farko ƙura, ta biyu ruwa. IP65 na nufin ƙura ba ta shiga sam, kuma tana jure feshin ruwa. IP53, wadda ake gani a masu rabin sulke, na nufin ƙura kaɗan na iya shiga, ruwa kuma yayyafi kawai. Ga mai aiki a masussuka, lamba 6 a farko ita ce abin nema.

Kuɗi, gwanjo da shingen hanya

Sabuwar mai cikakken sulke ba ta talaka ba ce. Toughbook 40 da ta fito a 2022 kuɗinta ya haura dala 4,000, ban da mazaunin mota. A kuɗinmu na yau wannan ya fi ƙarfin ƙungiyar manoma irin tamu. Abin da ke isowa hannunmu gwanjo ne, kuma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Robar ƙyauren kan bushe ta tsage da shekaru, in ta tsage kuwa batun IP ya ƙare. Batirinta ba irin na kowa ba ne, samunsa a kasuwar Gadarif sai an dace. Da yawa daga tsofaffin har yanzu faifai ne a cikinsu. Kuma tun 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya daina bai wa Windows 10 kariyar da ya saba, alhali tsofaffin injuna da yawa ba sa ɗaukar Windows 11.

Akwai kuma abin da ba ya cikin kowace takardar kamfani. Muna cikin yaƙi. Na'ura mai kaurin jiki da mariƙi da launin toka tana kama da kayan soja a idon mai tsaron shinge, kuma bayani a bakin hanya ba koyaushe yake da sauƙi ba. Duk wanda zai yi yawo da ita ya riƙe takardar wurin aikinsa mai hatimi da rasidin saye, ya kuma tabbata babu tsohon tambarin wata hukuma a jikinta.

Abin da mai ƙaramin ƙarfi zai yi

Shawarar da nake bai wa 'yan uwa ita ce, in aikinka na buƙatar ka kunna kwamfuta mota na tafiya, ko ka yi aiki a fili cikin ƙura da rana kullum, kuma wata hukuma ce za ta biya, to mai sulke ta cancanci kuɗinta, a haɗa da mazauninta. In kuwa ɗauka kawai kake yi daga gari zuwa gari, akwai abin da ya fi araha nesa ba kusa ba.

Fara da cire faifan nan a sa SSD, ma'ajiyar da babu abin da ke motsi a cikinta. Masu gyara a Gadarif suna yin wannan cikin ƙasa da awa, kuma shi kaɗai ya kawar da mafi girman haɗarin. Kafin a tashi ka kashe ta gaba ɗaya, kada ka rufe murfi kawai, don takan farka cikin jaka ta yi ta zafi. Ka sa ta cikin leda mai ɗauri saboda ƙura, ka naɗe da bargo ko tsohuwar jallabiya, ka riƙe a cinyarka ko bayanka, domin jikin mutum ya fi kowane soso shanye jijjiga. Ƙasan boksi a saman tayar baya shi ne wuri mafi muni a duk motar. Kada ka bar caja a jone lokacin tayar da inji, kuma ka tuna manyan lori da yawa wutarsu bolt 24 ce, ƙaramar mota 12.

Sannan kada ka amince wa SSD ɗin ma ɗari bisa ɗari. Ita ba ta yin ƙara ta gargaɗe ka, in ta mutu farat ɗaya take mutuwa, kuma ceto bayani daga cikinta ya fi na faifai wuya. A ƙungiyarmu ƙa'ida ce: duk yamma a kwafe lissafin ranar a filas biyu, ɗaya a aljihuna, ɗaya wurin ma'aji wanda ba mota ɗaya muke shiga ba. In an samu layi a tura kwafi ga wani ɗan uwa a Kasala. Bashin shel da ladan jangu kuwa ana rubuta su a daftari da biro, mai karɓa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa gaban shaidu biyu, kafin a shigar da su na'ura.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci mukan karanta wa kowa abin da ke gaban sunansa, a kwatanta na daftari da na kwamfuta. In sun saɓa, a gyara tun mai abin yana tsaye. Riɗi ba ya jiran kowa in ya nuna, kwana kaɗan ne ya fara zuba, don haka a lokacin yanka babu mai sararin zaman shari'a. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kawo mana ƙarshen wannan yaƙi, ya kuma tsare mu da cin haƙƙin wani ko da bisa kuskuren na'ura ne.